Siket ɗin da Akawu Ta Ɓoye

Shafi na 14

Masu turo min saƙo tun da safe cewa na bar yarinya da ciwon mara na tafi yawona, na ji, na gode da zagin. Ga ci gaban nan. Wanda bai karanta na baya ba ya matso kusa, a gurguje zan tuna masa.

Kwana uku ke nan Akawu tana ɗauke da abin ita kaɗai. Shekararta goma sha biyu. Baba ne ya laƙaba mata wannan suna tun tana aji uku, saboda ita ke rubuta sunan masu kaya a ɗan ƙyalle ta ɗinke a wuyan riga, a shagonsa na wanki da guga. Su biyu ne rak, shago a gaba, ɗaki biyu a baya. Mama ta rasu shekara biyar da suka wuce.

Yau ma a hankali ta taho daga makaranta, ta sassauta igiyar jakarta har ta sauko ta rufe mata baya. Da ta zo wajen juji ta waiwaya hagu da dama kamar wadda ta yi sata, ta jefa baƙar ledar da ta ƙulle sau uku. Yankin tsohon tawul ne a ciki, wanda ta zaro daga kwandon kayan da masu su suka manta da su. Rabin tawul ɗin ya riga ya tafi, ga shi abin bai tsaya ba.

Ba ta gaya wa kowa a aji ba. Ta taɓa tarar da manyan 'yan mata suna raɗa suna dariya a bayan aji, tana matsowa suka ce ta ba su wuri, maganar manya ce. Abin da ta sani da idonta ɗaya ne: ranar da ta ga Baba a durƙushe bakin famfo yana wanke zanen gadon Mama, ruwan yana gangarowa ja. Washegari aka tafi da Mama asibiti, ba ta dawo ba.

To yanzu ga shi ya zo kanta. Ta gama yanke wa ranta shawara tun ranar farko cewa Baba ba zai ji ba. In ya ji, ko asibiti ko gidan Gwaggo, yayarsa, wadda duk zuwan da za ta yi sai ta ce namiji ba ya riƙon 'ya mace, a ba ta yarinyar. Akawu ba ta son ko ɗaya. In ma mutuwar ce, ta fi so ta same ta a ɗakinta, tana jin ƙarar dutsen gugar Baba ta bango.

Tana shan kwanar layinsu ta hango takalmin a ƙofar shago. Baƙi ne mai faɗi, dunduniyar hagu ta cinye. Na Gwaggo ne.

Ta yi sallama can ƙasa.

Gwaggo na zaune a benci, jakarta a cinya, ko mayafi ba ta cire ba. Baba yana tsaye a bayan tebur yana guge hannun wata riga da ta riga ta gogu. A ɗaya gefen teburin an shimfiɗa farin siket ɗin makaranta, an miƙar da shi tsaf, tabon nan mai launin ƙasa yana tsakiya.

"Sannu da zuwa, Gwaggo."

"Yawwa. Ajiye jakar, zo nan."

Ta ajiye, ta matso taku biyu.

"Wannan na wane ne?"

"Nawa ne."

"Kin ce wa ubanki kin manta shi a makaranta."

Akawu ta sunkuyar da kai.

"Tun yaushe?"

"Ranar Litinin."

"Yau Laraba. Da me kike tarewa?"

"Tawul."

"Wane tawul?"

Akawu ta nuna kwandon da ke ƙarƙashin hanga.

Gwaggo ta juya ta kalli ƙaninta. "Ka ji ko, Auta? Tawul ɗin da ba a san ƙaton da ya goge jikinsa da shi ba."

"Wankakke ne, Yaya," in ji Baba, idonsa a kan rigar. "Ni na wanke shi da hannuna."

"Rufe min baki, don Allah."

Ya rufe. Mutumin da gemunsa ya fara furfura, amma a gaban Gwaggo har yau Auta ne.

Akawu ta kalli gefen fuskarsa. Jira take ya ɗago, bai ɗago ba.

"Baba, kai ka kira ta?"

Dutsen gugar ya je ya dawo.

"Ni na kira ta."

Wannan ya fi ciwon marar zafi. Ashe tun da safe ya gano siket ɗin, ko tun jiya. Ya haɗa mata shayi, ya miƙa mata jaka, ya ce ta kula da titi, duk yana sane. Bai ce mata uffan ba, sai da ta ba da baya ya ɗauki waya. Ta ji kamar an bar ta ita kaɗai a tasha kowa ya shige mota.

Ba ta san lokacin da ta durƙusa ba.

"Don Allah kar a kai ni asibiti."

Gwaggo ta ɗaure fuska. "Asibitin me kuma?"

"In an kai ni ba zan dawo ba. Ku bar ni a nan. Ba zan ƙara ɓata kaya ba, zan riƙa kwana a ƙasa a kan leda. Ko kwana nawa ya rage, ku bar ni wurin Baba."

Dutsen gugar ya tsaya.

"Kwana nawa ya rage na me, 'yar nan?"

"Irin na Mama ne. Na gani. Na ga lokacin da Baba yake wanke zanen gadon."

A waje wani ya wuce da babur, igiyar shanya ta motsa, fanka tana ta juyawa a sama. Baba ya jingine dutsen a tsaye, ya dafa teburin da hannu biyu.

Gwaggo ta buɗe baki za ta yi dariya, dariyar ta maƙale a hanya. Ta ajiye jakarta a benci, ta sauko ƙasa da ƙyar tana dafa gwiwa, ta kamo fuskar yarinyar.

"Kalle ni. Kwana uku kina zaton mutuwa za ki yi?"

Ta gyaɗa kai.

"Kina zuwa makaranta, kina dawowa, kina ɗinke sunayen mutane a riga, kina jiran mutuwa?"

Ta sake gyaɗa kai.

"Innalillahi." Gwaggo ta goge idonta da gefen mayafi. "To buɗe kunnenki da kyau. Ba ciwo ba ne. Al'ada ce. Duk macen da kika gani tana tafiya a titi ta yi ta ko tana yin ta. Ni na yi ta shekara talatin da ɗoriya, ga ni nan na ishi kowa. Kowane wata za ta zo, kwana huɗu, biyar, shida, ta tafi. Girma ne ya zo miki, shi ke nan."

"Kowane wata?"

"Kowane wata."

"Ba a mutuwa?"

"Da ana mutuwa da ba ki tarar da mace ko ɗaya a duniya ba."

Akawu ta tsaya tana kallon bakinta. Ta so ta ji daɗi, amma daɗin ya ƙi shigowa gaba ɗaya.

"To Mama fa?"

Gwaggo ta waiwaya. "Auta, ba ka gaya mata ba?"

"Ta yi ƙanƙanta, Yaya."

"Shekara biyar tana ƙanƙanta?"

Baba ya mai da idonsa kan rigar da ke tebur.

Gwaggo ta ja numfashi. "Uwarki ciki gare ta, wata biyar. Cikin ne ya lalace, jini ya ɓalle, aka makara wajen kai ta. Da ya zauna, da yanzu kina da ƙane ko ƙanwa. Wancan daban, wannan daban, ko hanya ba su haɗa ba."

Ƙane ko ƙanwa. Akawu ta juya maganar a ranta. Shekara biyar tana kwana ɗaki ɗaya da hoton Mama da jakarta da Baba ya ɗora can saman kabad, tana cin abinci kwano ɗaya da Baba, ashe akwai mutum guda da aka rasa a gidan nan ba ta ma san da shi ba. Ni dai har yau na rasa yadda iyaye ke zaton shiru yana kare yaro. Yaro in ba a gaya masa ba, da kansa yake ƙirƙiro amsa, kuma tasa ta fi ta gaskiyar muni.

Baba ya sunkuya ƙarƙashin teburin guga. Ya jawo bokitin sitati, ya jawo kwalin bula, ya miƙa hannu can ƙurya ya zaro wata leda da ƙura ta lulluɓe. Ya kaɗe ta a cinyarsa, ya ɗora a kan tebur kusa da siket ɗin. Bai miƙa wa kowa ba.

Gwaggo ta tashi ta buɗe. Audugar mata ce, ƙunshi biyu, ba a taɓa su ba.

"Yaushe ka sayi wannan?"

"Wata bakwai ke nan. Da na ga yunifom ɗinta ya fara yi mata kaɗan." Ya share wuyansa da tsumma. "Sai da na wuce kemis uku na je inda ba a san ni ba."

"Wata bakwai yana ƙarƙashin tebur, 'yarka tana yanka tawul."

"Na je ƙofar ɗakinta da shi. Sau uku na je."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai in ce mata ta ga almakashi?"

Akawu ta tuna. Ta tuna safiyar da ya tsaya a bakin labule, hannu ɗaya a baya, yana tambayar almakashi, alhali kan almakashin yana leƙowa daga aljihun rigarsa. Har dariya ta yi masa ranar, ta ce Baba tsufa ya zo. Ya yi dariya shi ma ya koma shago.

Yanzu kam ya ɗago. Idonsa ya yi ja. Ya ɗauki siket ɗin, ya murza wurin tabon da babban yatsa yadda yake yi wa kayan mutane kafin ya faɗi ko zai fita.

"Ruwan zafi kika zuba masa."

"Eh."

"Sannan kika bi da guga."

"Don ya bushe kafin ka dawo daga kai kaya. Na ga in maiƙo ne ruwan zafi kake sawa."

"Maiƙo ke nan." Muryarsa ta yi ƙasa. "Jini ba ya son zafi, Akawu. Ruwan sanyi ake fara sa masa, da ɗan gishiri, a bar shi ya jiƙa. In ya ji zafi ya zauna ke nan, ko bilic ba ya ɗaga shi duka."

Ya ninke siket ɗin biyu, ya sake warware shi.

"Na koya miki na tawada. Na koya miki na shayi, da na tsatsa, da na cingam. Babu tabon da ban koya miki ba a shagon nan sai wannan. Shi kaɗai na tsallake."

"Baba…"

"Laifina ne. Ba naki ba ne."

Ta so ta je ta riƙe shi kamar da, ta cusa kanta a cikinsa mai ƙanshin sabulu. Ƙafarta ta ƙi. Wata irin kunya ce sabuwa ta tsaya a tsakaninsu, wadda babu ita ranar Lahadi, kuma ta lura shi ma ya ji ta, don ya ja da baya kaɗan ya kama gyara hanga.

"Taho mu shiga ciki," in ji Gwaggo, ta ɗauki ledar.

A ɗaki Gwaggo ta saki labule. Ta nuna mata yadda ake ɓare takardar, yadda ake mannawa, bayan awa nawa ake canzawa, yadda ake naɗe wadda aka cire. Ta sa ta yi da kanta har sau biyu. Ta ɗora ruwa a risho, ta zuba a gora ta naɗe da zane, ta ce ta kwanta ta ɗora a mararta. Sannan ta zauna bakin katifa tana shafa mata baya, tana faɗin abin da za ta yi game da sallah da wanka, a hankali, ba faɗa.

Rabon da wani ya shafa mata baya haka, Akawu ta manta. Hawaye ya riƙa gangarowa ta gefen ido yana shiga kunnenta. Ba ta so ta ji daɗin hannun Gwaggo ba, amma ta ji.

"Ya lafa?"

"Ya ragu."

"Madalla. Ina jakarki ta tafiya?"

Akawu ta tashi zaune, gorar ta gangara ƙasa.

Gwaggo ta riga ta ɗaga labule. "Auta, akwai motar ƙarfe biyar. Ka ciro mata kayanta da ke kan igiya, ko da ɗanyensu ne, sa bushe a can."

Akawu ta bi ta da sauri har shago, ba takalmi.

Baba yana tsaye inda suka bar shi. "Yaya, na kira ki ki yi mata bayani ne. Ban kira ki ki tafi da ita ba."

"Bayani na rana ɗaya ne? Wata mai zuwa fa? In ya yi mata yawa, wa za ta tambaya? In ya ƙi zuwa, wa za ta tambaya? In wani ɗan iska ya tare ta a hanya ya faɗa mata maganar banza, kai za ta gaya wa, kai da ke tambayar almakashi?"

"Zan koya."

"Wata bakwai kana koyo."

"Zan riƙa kiran ki a waya."

"Waya ba ta shafa baya."

Akawu ta zagaya ta tsaya bayan teburin, gefen Baba, ta kama gefen rigarsa da yatsu biyu.

"Gwaggo, na gode, na gane komai yanzu. Zan iya. Wa zai rubuta masa sunaye in na tafi? Rubutunsa ba ya karantuwa, ranar nan wandon likita ya ba mai gyaran fanka."

"Ya nemi mai rubutu."

"Wa zai ci abinci da shi? In ba na nan ba ya ci, shayi kawai yake sha. Ni na sani."

"'Yar nan, ba ke za ki riƙe ubanki ba. Shi ya kamata ya riƙe ki, ga kuma inda riƙon ya kai ku."

"Ba zan je ba."

Ba ta taɓa ce wa babba haka ba. Kalmar ta fito ta tsaya a tsakiyar shago, ita kanta ta tsorata da ita.

Gwaggo ba ta yi fushi ba, abin da ya fi ba Akawu tsoro ke nan. Ta koma ta zauna a benci, ta ɗora hannuwa a gwiwa, ta daɗe tana kallon ƙasa.

"Kin ɗauka ni ce nake son raba ki da shi ko? Shekara biyar kina ganina kamar dodo. In na zo ki ɓuya a bayan kaya."

Akawu ta ƙara damƙe gefen rigar Baba.

"Ina da 'ya'ya shida, ɗakina biyu. Ba neman ƙari nake ba." Ta ɗago ta kalli Baba. "Za ka faɗa mata, ko wannan ma ni zan faɗa?"

"Yaya, don Allah."

"To ni zan faɗa. A gadon asibiti, ana saura kaɗan ta cika, uwarki ta kama hannuna. Ta ce, Yaya, ki bar masa ita yanzu, in aka raba su ba zai rayu ba. Amma ranar da ta girma ki zo ki ɗauke ta, don na san shi, kunya ba za ta bar shi ya yi mata magana ba. Ta sa na yi alkawari. Ta sa shi ma ya yi. Yana tsaye a wurin, riƙe da ledar magani."

Akawu ta saki gefen rigar.

Ta ɗaga kai ta kalli Baba. So take ya ce ƙarya ne, ko ya ce Yaya kin ƙara gishiri, ko ya ce bai ji ba.

"Baba, da gaske ne?"

"Da gaske ne."

"Mama ce ta ce in tafi?"

"Ita ta ce."

"Shi ya sa ka ƙi yi min magana? Don kar ranar ta zo?"

Ya rufe ido. Bai musa ba.

Agogon bango ya nuna huɗu da kwata. Wani ya leƙo daga waje da ƙunshin kaya a hannu, ya ga fuskokinsu, ya ce bari ya dawo anjima.

"Kowa ya yi alkawari," in ji Akawu. "Ni ba wanda ya tambaye ni."

Baba ya zare wayar dutsen guga daga bango. Ya zagayo, ya durƙusa a gabanta har tsayinsu ya zo ɗaya. Rabon da ya yi haka tun tana ƙarama.

"Ga shi ina tambayar ki. Ni na ga iyakata yau, ba zan ɓoye miki ba. In kin zauna, alkawarin uwarki na karya, ni zan ɗauki nauyinsa, ba ke ba. In kin tafi, ba zan riƙe ki a raina ba. Ba zan zaɓar miki ba, Akawu."

Ta kalli Gwaggo, Gwaggo ta kawar da kai. Ta kalli Baba, ya sunkuyar da nasa.

Kwana uku tana roƙon Allah wani ya yi mata magana. Yanzu su biyun duk sun yi shiru, ita suke jira.

"Baba," ta ce, "sauko min da jakar."

Ya miƙe a hankali, ya nufi ɗaki.

"Ba tawa ba. Ta Mama, wadda ka hana ni buɗewa. Sai na ga abin da ke ciki kafin in zaɓa."

Ya tsaya cak a bakin labule.